Gwanin Makaɗi a Kiɗan Rok: Ƙwarewar Hannu ko Dacewa da Waƙa?

Masu nazarin kiɗan rok sun daɗe suna jayayya a kan ma'aunin gwanin makaɗin ganga, har sun kasu gida biyu.

Kashi na farko suna duba ƙwarewar hannu, wato sauri da iya sarrafa kari mai sarƙaƙiya. Gwarzonsu shi ne Neil Peart, mutumin Kanada, wanda ya shiga ƙungiyar Rush a 1974. Kashi na biyu kuwa suna duba yadda kiɗa ya zauna wa waƙa daram. Sukan kafa hujja da Ringo Starr, wanda ya shiga Beatles a 1962. Bugunsa ba shi da yawan ado, amma yakan bar wa murya fili.

Idan aka lura, ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi, domin ganga rakiyar waƙa take yi. John Bonham ya haɗa duka biyun, amma da ya rasu a 1980, abokansa na Led Zeppelin sun gwammace rushe ƙungiyar da su ɗauko wani. Masu saurin hannu ba su ƙare a Ingila ba. Wanda bugunsa zai saje da nasu ne suka rasa.