ASALIN WAƊANSU KALMOMIN TURANCI NA OFIS

Ya ku hakimai da malaman ofis,

Da wuya a sami ofishin hakimi wanda ba shi da tsofaffin takardu: rasit na haraji da na jangali, da takardun iyakar gonaki, da wasiƙun zamanin En'e. In rigimar gona ta taso, ko ta gado, su a kan ɗauko a karanta. Amma Turancin da ke cikinsu ba duka ne ya yi daidai da na yau ba, kalma ɗaya kuwa in an yi mata mummunar fassara sai mai gaskiya ya rasa gonarsa. Saboda haka muka tsamo waɗansu kalmomi domin mu bayyana asalinsu da ma'anarsu ta dā.

1. Clerk. Watau akawu, ko magatakarda. Asalinta daga Latinanci ne, "clericus", ma'anarta malamin addinin Kirista. A Ingila ta dā yawanci malaman coci ne suka iya karatu da rubutu, don haka su sarakuna ke sa wa aikin lissafi da wasiƙu. Sannu a hankali sunan ya koma kan duk mai riƙe da alƙalami a ofis. Haka ta faru ga kalmar "malam" a ƙasar nan, har aka sami malamin haraji da malamin kotu.

2. File. Asalinta "filum", watau zare. Dā a kan huda takardu ne a zura su a zare ko waya, a rataye. Ashe igiyar nan da ku ke ɗaure fayil da ita, ita ce mai sunan tun farko.

3. Budget. Watau kasafin kuɗi. Daga tsohon Faransanci ta fito, "bougette", 'yar jakar fata. Mai kula da baitulmalin Ingila a jaka ya kan zo da takardunsa majalisa, sai sunan jaka ya koma kan abin da ke cikinta. Har yau ministan kuɗi na Birtaniya ya kan ɗaga jan akwati a nuna wa jama'a ranar da zai karanta kasafi.

4. Exchequer da tally. "Exchequer" baitulmalin Ingila ne. Tun ƙarni na 12 ma'aikatansa kan shimfiɗa ƙyalle mai gida-gida a bisa tebur, su riƙa aza ƙwayoyin lissafi cikin gidajen, kamar masu dara. Daga ƙyallen nan sunan ya samu. "Tally" kuwa sanda ce wadda a ke yi wa tsaga-tsaga gwargwadon kuɗin da aka biya, sa'an nan a raba ta biyu a tsaye, mai biya ya riƙe ɓari, baitulmali ya riƙe ɓari. Ranar bincike sai a haɗa, in tsagar ba ta dace ba an san akwai ha'inci. An daina aiki da su a 1826. A ran 16 ga Oktoba, 1834, aka zuba tsofaffin sandunan a murhu don a ƙone, wuta ta yi yawa ta cinye ginin majalisar Ingila. Wannan gargaɗi ne ga mai gaggawar ƙona tsofaffin takardu.

5. Chattels. A takardun gado za ku ga "goods and chattels". Ma'anarta kayan da a ke iya ɗagawa, ban da gona da gida. Tushenta ɗaya da "cattle", watau shanu, gama a dā dabbobi su ne arzikin mutum. Mu ma in makiyayi ya ce dukiyarsa na daji, shanunsa ya ke nufi. Amma kada malami ya fassara ta da shanu kaɗai, tufafi da tukwane duk suna ciki.

6. Acre. Watau eka. A tsohon Ingilishi ma'anarta fili ne kawai, daga baya ta zama gwargwadon abin da shanun huɗa za su nome a yini guda. Da aka ƙayyade ta sai ta zama tsawon yadi 220, faɗin yadi 22, watau murabba'in yadi 4,840. Ku lura, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da hekta ta ke ƙidaya, hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi. Wanda ya kwafe eka 10 ya rubuta hekta 10 ya ƙara wa mutum kusan eka 15 daga gonar maƙwabcinsa.

7. £ s. d. Haruffan nan na Latinanci ne: "libra", da "solidus", da "denarius". Daga ta ƙarshen nan kalmar dinari ta samo asali, ita ce kuma dalilin da ya sa a ke rubuta kwabon dā da "d". Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Da aka fito da naira ran 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama sabon kwabo 10. To, kada a gama tsohon kwabo da sabo.

8. Inst., ult., prox. A tsofaffin wasiƙu "inst." na nufin watan da a ke ciki, "ult." watan jiya, "prox." watan gobe. Misali, wasiƙar da aka rubuta ran 3 ga Maris, 1955, in ta ce "28th ult.", ran 28 ga Fabrairu ta ke nufi. Sai an dubi kwanan watan wasiƙar tukuna a san watan da ta ke magana a kai.

9. Presents da let. In takardar shari'a ta ce "by these presents", ba kyauta a ke nufi ba, ba gaisuwa ba, ma'anarta ita ce "da wannan takarda". Haka kuma "let", yau ma'anarta bari, amma cikin "without let or hindrance" ma'anarta hani, watau kada kowa ya tare wa mutum hanya.

Abin da mu ke roƙon malamai shi ne, in kun gamu da kalmar da kuka yi shakka, ku kwafe ta yadda ta ke, harafi da harafi, ku bar gurbin fassara sai kun duba babban ƙamus. Hakimai kuma kada su sa hannu kan fassara sai an karanta musu asalin an bayyana. Tambaya ba ta ɓad da ɗan gari.

Gwaji

(a) Rasit ya nuna £3. 7s. 6d. Tsohon kwabo nawa ke nan, kuma naira nawa bisa canjin 1973?
(b) Wasiƙar 20 ga Disamba, 1958, ta ce a zo taro "5th prox." Wace rana ce?

Amsa: (a) kwabo 810, naira 6 da kwabo 75. (b) 5 ga Janairu, 1959.