Kada Ku Zubar Da Tsofaffin Kaset-Kaset

Idan kuna sha'awar tsofaffin finafinan Hausa, ku fara da gida. Akwatunan iyayenmu mata a nan Daura sun ɓoye abin da kasuwa ba ta da shi yanzu. Daga nan sai ku nemi waɗanda suka taɓa riƙe shagon hayar kaset, wasunsu ba su zubar da ragowar kayansu ba.

Me za a nema? Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wanda ya fito a 1990, shi ne kan gaba. Sai Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Wasannin Samanja da aka naɗa daga talabijin ma dukiya ne, ko da hoton yana rawa.

Ajiya ita ce wahalar. Zafin bazara yana lalata zaren kaset, ƙurar hunturu tana cinye shi, damina kuma ta kawo fumfuna. Ku jera su a tsaye cikin akwati mai murfi, nesa da lasifika, domin maganaɗisunta yana goge hoto. Kwalin ma ku adana shi, sunayen 'yan wasa suna jikinsa. Kafin bidiyon gidanku ya mutu, ku kai a juye muku su cikin kwamfuta, kwafi biyu.