Yadda Ɗalibi Zai Hana Wayarsa Janyo Masa Matsala a Aji

A yau babu abin da ke saurin haɗa malami da ɗalibi faɗa kamar waya. Ana tsakiyar darasi sai saƙo ya shigo, mai wayar ya sunkuyar da kai ƙarƙashin benci, na kusa da shi ya leƙa, kafin a ankara an bar malami yana magana shi kaɗai.

Lamarin ya kai har gwamnatoci sun sa baki. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Holan kuma ta hana ta a azuzuwan sakandare daga Janairun 2024. Rahoton UNESCO na 2023 ya ce ɗalibin da ya shagala na iya ɗaukar har minti 20 kafin hankalinsa ya dawo kan karatu. A darasin minti 40, rabi ya tafi ke nan.

Inda aka yarda a shiga da waya, kamar a jami'a, ita kanta wayar tana da maganin abin.

1. Mai Android zai shiga Settings, ya buɗe Digital Wellbeing, ya zaɓi Focus mode. Sai ya sa alama a kan manhajojin da ke ɗauke masa hankali, irin su TikTok da WhatsApp, ya saita lokacin darasi. Za su dushe, sanarwarsu ta tsaya har lokacin ya cika.

2. Mai iPhone zai shiga Settings, ya danna Focus, ya ƙirƙiri na karatu. Ana iya saita shi ya kunna kansa da zarar an isa makaranta.

3. Mai gudun kada ya rasa kiran gida zai iya kunna Do Not Disturb, ya ware lambar iyayensa kaɗai ta riƙa shigowa.

4. Bayan haka wayar ta koma jaka. Wadda ke kan tebur, ko a kife take, hannu ba ya daina kai mata.

Sai dai inda makaranta ta hana waya, dokar ce a gaba. A zauren jarrabawar WAEC da JAMB kuwa, samun waya a jikin ɗalibi, ko a kashe take, laifi ne da kan iya janyo a soke sakamakonsa.