Bin Diddigin Aiki a Kullum: Darasi Daga Masana'antun Toyota

Yawancin kamfanoni da ma'aikatu sun dogara ne ga rahoton ƙarshen wata wajen sanin halin da aikinsu yake ciki. Illar wannan al'ada ita ce, rahoton yakan iso ne bayan ɓarna ta riga ta auku: kayan da za su lalace sun lalace, abokin cinikin da aka saɓa wa alkawari ya koma wani wuri, albashin kwanakin da aka yi ana jiran gyaran inji kuwa ya tafi a banza. Abin da yakan rage wa manaja a ranar taro shi ne neman wanda za a ɗora wa laifi. Wannan darasi zai duba yadda kamfanin motoci na Toyota da ke ƙasar Japan ya mayar da bin diddigin aiki abin yi na kowace rana, da abin da 'yan kasuwa za su iya ɗauka daga ciki.

Asalin tsarin

A shekarar 1950 kamfanin Toyota ya faɗa cikin matsanancin rashin kuɗi, har aka yi yajin aiki, ma'aikata fiye da 2,000 suka bar aiki, shugaban kamfanin Kiichiro Toyoda kuma ya yi murabus. Kamfanin da ke cikin irin wannan hali ba shi da jarin da zai jibge kayayyaki a sito, kamar yadda manyan kamfanonin Amurka suke yi a wancan zamani. Dole ce ta sa wani injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya tsara hanyar da kowane sashe zai ƙera abin da sashen da ke gaba da shi yake buƙata kawai, a kuma lokacin da yake buƙatarsa.

Makamin da ya yi amfani da shi ɗan kati ne da ake kira kanban da harshen Japananci. Ana liƙa katin a jikin kwandon kaya, da zarar an yi amfani da kayan sai katin ya koma baya a matsayin umarnin a ƙera wasu. Inda babu kati, babu aiki. An fara wannan tsari a shekarun 1950, ya kuma game masana'antun kamfanin a shekarun 1960. Amfaninsa shi ne, duk wanda ya ratsa ta wurin zai gane da idonsa inda aiki ya taru da inda ya tsaya, ba sai ya tambayi kowa ba.

Allon sa'a-sa'a

Mataki na farko da ya kamata shugaban sashe ya koya shi ne rarraba burin yini zuwa sa'o'i. A masana'antun da ke bin wannan tsari akan kafa allo a inda ake aikin, mai ɗauke da gurabe uku: abin da aka tsara yi a wannan sa'a, abin da aka yi a zahiri, da dalilin bambancin da aka samu.

A misali, kamfanin casar shinkafa da ke son fitar da buhu 400 a cikin sa'o'i 8 yana buƙatar buhu 50 a kowace sa'a. Idan da ƙarfe goma sha ɗaya na safe allo ya nuna buhu 32, da bayanin cewa bel ɗin inji yana zamewa, to akwai sauran yini guda na gyara da cike giɓi. In kuwa sai ƙarshen wata za a tattara alƙaluma, abin da za a gani kawai shi ne an gaza, kuma ba wanda zai tuna dalili. Gurbi na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma wanda yake kan aikin shi ya dace ya cike shi da hannunsa.

Taron minti 15

Mataki na biyu shi ne ɗan gajeren taro a gaban allon kowace safiya. Wannan al'ada ta yaɗu zuwa ofisoshi ta hannun masu ƙera manhajojin kwamfuta, bayan da Jeff Sutherland da Ken Schwaber suka gabatar da tsarin da ake kira Scrum a shekarar 1995. Tsarin ya ƙayyade wa taron minti 15, a lokaci guda da wuri guda kullum. Da yawa sukan yi shi a tsaye domin kada zance ya yi tsawo.

An daɗe ana gudanar da shi da tambayoyi uku ga kowane ma'aikaci: me ya kammala jiya, me zai yi yau, me ya tare masa hanya. A shekarar 2020 an cire waɗannan tambayoyi daga ƙa'idojin tsarin, aka bar wa kowace tawaga ta zaɓi salonta, muddin hankali yana kan burin da aka sa a gaba. Ba a warware matsala a wurin taron. Ana rubuta ta ne tare da sunan wanda zai bi ta da ranar da zai kawo amsa, sannan kowa ya koma bakin aikinsa.

Igiyar tsayar da aiki

Mataki na uku shi ne bai wa ƙaramin ma'aikaci ikon sanar da matsala nan take. Wannan tunani ya samo asali ne daga masaƙar da Sakichi Toyoda ya kammala a 1924, wadda takan tsaya da kanta idan zare ya tsinke. A masana'antar mota an mayar da wannan wata igiya da ma'aikaci zai ja idan ya ga kuskure. Fitila takan kama, shugaban tawaga ya rugo, idan ba a shawo kan abin cikin ɗan lokaci ba, layin aikin ya tsaya.

Daga nan sai bincike. Ohno ya koyar da a maimaita tambayar dalili har sau biyar. Idan motar kaya ta makara, me ya sa? Ba a yi lodi da wuri ba. Me ya sa? Takardar fitar da kaya ba ta fito ba. Me ya sa? Mutum ɗaya ne ke sa hannu, shi kuma yana banki kowace safiya. Da tambaya ta uku ma an bar kan direba, an isa ga tsarin ofis da ke buƙatar gyara.

Abin da ya faru a Fremont

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Amurka. Kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta garin Fremont a jihar Kalifoniya a 1982, bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da rashin ingancin motoci. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, bisa haɗin gwiwa da Toyota, akasarin waɗanda aka ɗauka aiki kuma suna cikin tsofaffin ma'aikatan. Cikin 'yan shekaru ingancin motocinta ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, fashin aiki kuma ya ragu ƙwarai. Mutanen dai su ne na da. Abin da ya sauya shi ne yadda ake karɓar labarin matsala daga bakinsu. Masana'antar ta ci gaba da aiki har zuwa 2010.

Abin kiyayewa

A nan ne masu kamfanoni da yawa suke tuntuɓe. Idan aka yi amfani da allo wajen yanke albashi ko ci wa ma'aikaci mutunci a gaban abokan aikinsa, nan da nan alƙaluman za su koma na ƙarya, kowa ya rubuta abin da maigida yake son gani. Haka kuma idan ma'aikata suka yi ta rubuta matsala guda har mako biyu ba tare da an taɓa ta ba, za su daina rubutawa.

Saboda haka mai son gwada tsarin ya fara da sashe ɗaya, da ma'auni biyu ko uku kacal, kamar yawan abin da aka fitar, da wanda aka dawo da shi, da lokacin da inji ya tsaya. Farin allo da alƙalami sun isa. Manhajar kwamfuta tana iya biyowa baya idan al'adar ta zauna. Nauyin da ke kan manaja kuwa shi ne ya je gaban allon da ƙafarsa kowace safiya, ya kuma kawar da aƙalla matsala ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta kafin a tashi aiki.