Kafin Ka Biya Kuɗin Fili

Mai sayen fili a Najeriya, kada takardar mai unguwa da sa hannun shaidu biyu su kwantar maka da hankali. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da kake saya haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99. Sashe na 22 ya ce filin da gwamna ya bayar, sai da yardarsa za a sayar ko a jinginar. Mutane kan raina wannan sharaɗi, magadansu kuma su wahala a kotu. Garzaya ma'aikatar filaye da lambar fulotin, ka ga sunan wanda ke cikin fayil, sannan ka ƙirga kuɗinka.