Littafin Taurari A Hannun Yaro: Ilmi Ne Ko Duba?

 

Idan yaro a unguwar Ƙofar Guga ya komo daga makaranta da ɗan littafi mai zanen rana da wata da taurari, wani uban yakan tsargu, ya ce kada a sa masa ɗa a hanyar masu duba. Tsoron nan yana da tushe, amma malamai sun raba zancen taurari gida biyu. Na farko shi ne a ce tauraro yana jawo arziki ko tsiya, ko yana bayyana gaibu. Wannan haramun ne. Hadisin Zaidu ɗan Halid ya nuna cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana kafircin mai jingina saukar ruwan ga tauraro.

Na biyu kuwa shi ne sanin tafiyar rana da wata da taurari domin gane lokaci da jiha, watau ilmin falaki. Aya ta 5 a Suratu Yunus ta ambaci masaukan wata domin sanin shekaru da lissafi, aya ta 97 a Suratul An'am kuma ta ambaci shiryuwa da taurari a tudu da teku. Masaukan nan 28 su ne manoman ƙasar Hausa ke ƙidayar damina da su, kowane tauraro kwana 13 in ban da Jabaha mai 14. Manomin da ya ce Nasara ta kama, lokaci ya faɗa, bai ce ita ke ba da ruwa ba.

Zanen ma ba baƙon abu ba ne. Tun wajen shekarar 964 Miladiyya Abdurrahman as-Sufi ya wallafa littafin surorin taurari, ya zana gungu 48. Katsina kuma ta fitar da Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya shahara a Masar da lissafi da falaki, ya rasu a Alƙahira a 1741, ko da yake yawancin abin da ya bari na hatimi ne, ba shi ake nufi a nan ba.

To, ina amfanin abin ga mai salla? A dubi alƙibla. Bahaushe yakan ce ya fuskanci gabas, har wasu suka ɗauka duk inda rana ta ɓullo nan ne alƙibla. Alhali daga Katsina Ka'aba tana gabas ne mai karkata arewa da kimanin daraja 20. Mafitar rana kuwa ba ta zama wuri ɗaya: cikin watan Yuni takan karkata arewa da wajen daraja 24, cikin Disamba ta koma kudu da kamar haka. Ke nan wanda ya bi hudowar rana da hunturu ya shata masallaci, ya kauce da fiye da daraja 40. Gaskiya ne shari'a ta sauƙaƙa wa na nesa, fuskantar jihar Ka'aba ta wadatar da shi. Amma kaucewa mai yawa a mazhabar Maliku akan so a sake sallar muddin lokacinta bai fita ba. Yaron da ya ga zanen duniya a gicciye tana kewaya rana zai gane dalilin wannan cikin zama ɗaya, abin da dogon bayani na baki kan kasa.

Akwai gwajin da uba zai iya yi tare da ɗansa. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba: ran 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ran 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A kafa sanda miƙaƙƙiya a tsakar gida inda ƙasa ta daidaita, a ja layi a kan inuwarta. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar ya dubi gindin sandar, alƙibla ya fuskanta. In hadari ya rufe rana, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ba su sauya layin da abin da ido zai gani ba.