DARASIN TATTALIN ARZIKI: ABIN DA GININ MASANA'ANTAR FULAWA KE FAƊA WA ƊAN KASUWA

Unguwar Fezzan da ke tsakiyar Maiduguri ta samo sunanta ne daga fataken yankin Fezzan na kudancin Libiya, waɗanda suka daɗe suna ratsa Sahara ta hanyar Bilma zuwa Kukawa, daga bisani zuriyarsu ta zauna a Yerwa bayan kafa garin a 1907. A wancan zamani alkama abincin irin waɗannan attajirai ce da manyan fada, ana noma ta kaɗan-kaɗan da ban ruwa, mata su niƙa a dutse. Daga dutsen nan zuwa masana'antar fulawa ta Maiduguri, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, akwai darasin da ya kamata mai shirin zuba jari a harkar hatsi ya tsaya ya nazarta.

Mu fara da ginin kansa. Duk inda ka ga masana'antar fulawa, za ka tarar da dogayen rumbuna zagayayyu a jere, da bene mai hawa da yawa a gefensu. Tsayin ba na ado ba ne. Ana ɗaga hatsi sama ta hanyar bel mai ɗauke da ƙananan gugaye, dabarar da ta bunƙasa a birnin Buffalo na Amurka tun shekarun 1840, daga nan nauyinsa ne ke gangaro da shi daga hawa zuwa hawa ba tare da an biya lebura ba. A hanya ake tsince tsakuwa da ƙaiƙayi, a yayyafa masa ruwa don ɓawon ya yi laushi, ƙarafa masu juyawa su fasa ƙwayar, sannan jerin rariya su tankaɗe. Kilo 100 na alkama kan ba da kimanin kilo 75 na fulawa, sauran kuwa dusa ce da masu kiwo ke saye. Rumbun kuma an yi shi zagayayye ne domin nauyin hatsi ya rabu daidai a jikin bango. Magina rumbun ƙasa a ƙauyukanmu sun san haka tun kaka da kakanni.

To amma irin wannan gini kuɗi ne masu yawa a daskare. Ba ya mayar da jari sai injin yana aiki dare da rana, rumbuna suna cika suna ƙarewa sau da yawa a shekara. Saboda haka tambayar farko ita ce: daga ina alkamar za ta fito?

A Borno, fatan da aka yi a lokacin shi ne Tafkin Chadi. An kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a 1973, ta kuma tsara noman rani a kadada fiye da 60,000 a yankin Marte, alkama da rani, shinkafa da damina. Sai fari na farkon shekarun 1980 ya sa tafkin ya ja da baya, babbar magudanar da aka haƙa don janyo ruwa ta bushe. Abin da aka noma bai ko kusa da abin da aka tsara ba. Mafita ita ce alkamar ƙetare, wadda sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 daga tashar jiragen ruwa ta Legas, kuɗin dako yana hawa kan kowane buhu. Ana cikin haka Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da alkama a 1987, matakin da ya bar masana'antun fulawa na ƙasar nan suna aiki ƙasa ƙwarai da ƙarfinsu har aka janye shi a ƙarshen 1992. A ganina, kuskuren lissafin ƙasa a nan shi ne an ɗauki ruwan tafki tamkar abin da aka riga aka mallaka.

Kwatanta wannan da mai injin niƙa na cikin unguwa. Rumfar kwano ce da inji guda mai amfani da man dizal. Ba ya sayen hatsi, ba ya ajiya, bankin kowa ba ya binsa ruwan bashi kan kayan da ke kwance. Yara ne ke kawo masa gero da dawa da masara a kwano, abin da ƙasar ke nomawa, ya niƙa ya karɓi ladansa nan take. Ribarsa ƙarama ce, kuma tsadar mai na iya cinye ta cikin mako guda, amma ranar da babu niƙa asararsa ba ta wuce ta wannan yinin ba.